Zabuwa Mai Ƙafa Ɗaya

Shekarar da aka tafi da 'yar farina asibitin kutare, ban yi kuka a gaban kowa ba. Yaya za a yi in yi? A wajenmu, can kusa da Dangora, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ko kallon kirki ba ta yi masa a cikin mutane. Ranar da aka ɗora ta a jaki ina bakin turmi ina surfe, ban ko ɗaga kai ba. Abin da ya dinga cina ke nan: yarinyar nan ta tafi tana zaton ƙyamarta nake yi.

Da damina ta yi nisa, wani malamin asibitin ya zo garinmu a kan keke. Ya tsaya a zaure ya ce masu jinya suna cikin kewa, duk macen da ta iya zane ta yi a 'yar takarda, sadaka, a raba musu su ji sanyi. Kati yake kiranta. Ba a sa suna, wanda ta faɗa wa shi ke da ita.

Ni ko alif ban sani ba, amma wajen zanen ƙwarya, kai, a tambayi matan unguwa! Na yayyanka kwalin sukari, na samo shuɗi a marina, na jiƙa karan dafi ya ba ni ja. Da gashin kaza nake shafawa. Bayan azahar nakan zauna gindin tsamiya, hadari na tasowa ta wajen duwatsun Doguwa, ƙamshin ƙasa ya cika gida, in yi ta zane har in manta inda nake. Wani lokaci sai in ji kamar tana bayana tana leƙe, numfashinta a wuyana.

Tun tana ƙarama nake zana mata zabuwa a ƙoƙon furarta, kullum da ƙafa ɗaya, don ta biyun ba ta taɓa zauna min daidai ba. Takan yi ta tsokanata a kai. To, da yake ban san wanne zai faɗa hannunta ba, kati ashirin na yi, kowanne da zabuwar nan. Malamin ya jujjuya su ya ce, "Iya, ba ki iya wani tsuntsun ba ne?" Na ce, "Malam, karɓi sadaka ka yi gaba."

Sai bayan an yanke dawa ya dawo. Muka gaisa, ina daga bayan zana, bakina ya ƙi tambaya. Shi ya ce, "Iya, akwai wata yarinya. Da ta karɓi nata sai ta bi ɗaki ɗaki tana duba na kowa, tana dariya har da hawaye. Ta ce in gaya wa mai zanen, zabuwa dai ƙafa biyu gare ta."

Na ce, "Ji min rashin kunyar yaran yanzu."

Na koma ɗaki na saki asabari. Shekara goma sha huɗu da haihuwarta, ran nan na fara kiran sunanta da bakina, a hankali, sau uku.