Karan Baba Garba a Tsagar Jan Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina saman jan dutsen da ke arewa da Garuwa, guduma a hannuna, wani mai jaki ya tsaya daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce Baba Garba ya cika. Tarin nan da ƙurar dutse ta sa masa ne ya tafi da shi. Na zauna inda nake. Ba zan ɓoye wa jama'a ba, tsoro ne ya riga baƙin ciki isowa zuciyata, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Garba shi ne babbanmu, mu masu fasa dutse. A hannunsa na koyi aiki, har na yi aure na haihu ban bar gefensa ba. Da can duwatsun niƙa muke sassaƙawa, mata su saya a kasuwa. Da Jamus suka zo suka fara gini, sai aka riƙa karɓo mutane daga ƙauyuka a kawo mana, manoma da masunta waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba. Rayukansu duka aka ɗora a wuyansa.

Mutum ne mai son dutsen nan kamar gonarsa. In la'asar ta yi sanyi, rana ta bugi bangon dutsen har ya yi ja jawur kamar garwashi, yakan ajiye aiki ya tsaya kallo, ya ce mu yi tasbihi. Ya nuna mini yadda dutsen yake hawa-hawa, ja a kan fari, fari a kan ruwan ƙasa. Ya taɓa ɓamɓaro mini tsakuwa mai santsi daga can ƙololuwa, irin wadda ake samu a bakin Binuwai, ya ce yashin kogi ne wannan duka, Allah Ya danne shi ya daskare. Na yi dariya na ce kogi a sama? Ya ce, “Audu, kai dai ka ci tuwo. Wanda Ya ɗaga sama ba ginshiƙi, yashi ne zai gagare Shi?”

Amma bai taɓa amince wa dutsen ba. Farin hawan nan na ƙasa yana da laushi, ruwan damina yana cinsa, ya bar jan na sama a rataye. Saboda haka kowace yamma yakan hau ya cusa karan dawa a cikin tsagar da ke bayan baki, wato gefen dutsen da muke sarewa, ya matse shi tam. Da safe shi ne zai fara hawa. In kara yana nan a matse, a yi aiki. In ya yi sako-sako ko ya faɗi, tsaga ta buɗe ke nan, ba mai shiga ƙarƙashi. Yakan ce dutse ba ya faɗuwa bai yi sallama ba, mutane ne ba sa amsawa.

Bara ya tarar da karan a ƙasa, a babban bakin nan na yamma. Ya hana kowa shiga. Sojan da ke tsaronmu ya kai magana, tafinta ya zo ya ce Bature yana jiran dutse. Baba ya ce a gaya masa ya ji, amma ba yau ba. Aka kwantar da dattijo mai furfura a gabanmu aka yi masa bulala, muna tsaye ba mai iya ɗaga ido. Da ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya kai mu wani gefe muka yi aiki. Bakin bai faɗi ba ran nan, bai faɗi ba har yau. Wasu suka riƙa cewa tsoho ya sha duka a banza. Da na gaya masa, sai ya ce bayansa zai warke, ya fi a je a gaya wa wata mata mijinta yana ƙarƙashin dutse.

To, jama'a, yanzu an ce ni ne a madadinsa, kuma an ce wannan bakin za a sare in an gama zaman makoki. Jiya na hau na sa kara yadda ya koya mini. Yau na tarar da shi a kwance. Iska ce? Hannuna ne bai matse ba? Ko dutsen ne ya motsa? Wallahi ban sani ba, kuma wanda zan tambaya yana kabari. Ina tsoron dutsen, ina tsoron bulala, ni ba ni da irin bayan Baba. Mutanen da za su shiga kuwa ni suke kallo.

Allah Ka jiƙan Baba Garba, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ka ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙuri, Ka zama gatansu. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya ɗaga hannu dominsa ya ƙara da ni. Gobe tafinta zai zo ya tambaye ni ko a shiga. Allah Ka ba ni bakin da zan ce masa ba yau ba. Amin.