Hannuwan Inna a Jarida

Shekarar da Turawa sunka gina rijiyar siminti a Dinawa, ina ƴar ƙanƙanuwa, wani mai hoto na jarida yaz zo daga Sakkwato bisa keke. Dogo ne siriri, da akwatin hoto rataye ga wuya. An aiko shi ya ɗauki mata suna jan ruwa suna dariya, don a ga an ji daɗin rijiya.

Duk matan sunka watse sai Inna, uwata, don guganta na cikin rijiya, ita ko ba ta barin guga don kowa.

Yac ce, "Inna, ki ɗago kai kaɗan."

Tac ce, "Don mi? A kai huskata kasuwar Goronyo a ƙunshe ƙosai da ita? Ni matar aure ce, malam."

Ya yi ta magiya. Yac ce Baturen da ka duba aikinsu huska yaka so, in ya koma babu ita, wataƙila a ba wani akwatin. Inna tac ce to ya ɗauki igiya. Ina kallo ya ɗaga akwatin, yana iya latsawa ba ta sani ba, wa zai hana shi? Sai ya duƙa, ya nufi hannuwanta kaɗai.

Da damana zazzaɓi ya ɗauke ta.

Bayan nan kawuna ya zo da jaridar daga Wurno. Can ƙasan shafi, ɗan hoto kamar tafin hannu: igiya, bakin rijiya, hannuwa biyu da lalle, da tabon ƙunar tuwo ga babban yatsa. Ban san ko mai hoton ya tsira da aikinai ba. Ba mu ƙara ganinai ba.

Wallahi na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Kai, wane irin kirki ne wannan! Da ya yi rashin kunya sau guda, da yau ina da uwa ga takarda. In na huce kuma sai in yi mai addu'a, don ita ta ce a'a, shi ko ya ji.

Yanzu na tsufa, na girme ta nesa. Muryarta na nan kunnena, har faɗanta. Huskar ce ta ɓace mini, tun ban ankara ba. Jikokina kan tambaye ni kamanninta, sai in ɗauko jaridar in nuna musu yatsan.