Darar da ke ƙarƙashin teburina a tasha

Wallahi jama'a, abin nan a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu ke nan, bayan na gama kwaleji, na kama aikin yanka tikiti a wata sabuwar tashar mota a Dogon Dutsi. Sabuwa a baki kawai! Tsohon gidan hutun ma'aikatan kamfanin man gujiya ne da ya mutu tun ban zo duniya ba, suka shafa masa fenti suka jera benci, shi ke nan wai an yi zamani.

A kusurwa akwai dakalin siminti mai gurabun dara, inda ma'aikata ke wasa in an tashi cin abincin rana. Inna Ige mai fura, wadda mijinta ya yi aiki can, ta ce wa shugaban tashar, wanda muke kira Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, "Mushe, bar musu wurin ga, ranar da inji ya ci mutum ba su ƙare wasansu ba." Shi kuwa, wani ɗan iyayi mai yawo da tarin makullai a ƙugu, ya ce camfin ƙauye ne, ya sa aka aza katako a kai ya ce ga teburina. Amma ku lura, jarumin namu bai taɓa yarda rana tsaka ta same shi a ɗakin ba, kullum wai yana da taro.

Rannan biron rubutuna ya zurma ta tsagar katakon, na ɗaga shi, sai ga tsakuwoyi da karare jere a gurabu, ko ƙura babu, ni kuma da wautata na tura kara ɗaya da yatsa. Washegari rana tsaka, fasinjojin Tibiri sun cika ɗakin, sai warin man gujiya ya buge ni, ga wani dattijo a taga da shuɗin kayan aiki, hannun rigarsa ɗaya na reto ba komai ciki. Ya ce, "Ɗiyata, na ci guda. Saura ke." Ina ƙifta ido babu kowa. Innalillahi! Na leƙa, kara ɗaya ya ɓace, ƙaramin yatsana na dama kuwa ya mutu, ko allura ba na ji.

Na gaya wa Mushe, ya taɓe baki ya ce in rage kallon fim, masu neman aikin nan da yawa. Na daure, na ce ba zan ƙara taɓawa ba, ashe banza, duk babbar motar da aka tayar sai dakalin ya girgiza kararen su gusa, dattijon kuma ya ci. Da yatsana na uku ya mutu na ajiye wa Mushe aikinsa.

Da hagu nake rubuta muku wannan, likita ya duba, malam ya tofa, shiru. Mushe ya ɗauko wata yarinya daga Kore Mairuwa, ko gargaɗinta bai yi ba, marar kunya. Na je na faɗa mata, ta ce hassada ce.

Makon jiya na wuce ta tashar, na hango yarinyar tana miƙa tikiti da hagu.

Don Allah in jira ya kai ku tsohon ginin da aka yi wa sabon fenti, ku bar abin da kuka tarar yadda kuka tarar da shi.