Kwabban Kakana da Ƙusar Rufin Kwano

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, aka wayi gari ɗakin marigayi kakana a Ƙofar Kware ya yi yoyo. Ni da Inna Ige, matarsa, muna fitar da kaya rana, sai na ɗago wata jakar jar fata daga ƙasan akwati, ta jiƙe sharkaf. Kakana baduku ne, a wurinsa duk abin da ke da daraja cikin fata ake ajiye shi. Da muka zazzage ta a faifai sai ga tsofaffin kuɗi: anini da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi, sule, har da na Nijar da na Makka. Amma danshi da jimar fatar sun sa rabinsu sun yi kore, wasu sun manne da juna.

Bappa Sanda, ƙanin mahaifina, ya leƙo ya gani, ya yi murna. "Aiki ya yi sauƙi! Kafinta shina zuwa Asabar, waɗanga masu huda su za a sa ƙarƙashin ƙusa, ruwa ba ya bi." Haka ake yi a unguwarmu, rufin gidaje da yawa kwabo ne ke riƙe da shi. Ni kuwa ban yarda ba. Dama tun ina ƙarama mai fargaba ce, idan na rufe tukunya sai na dawo na sake dubawa. Na ƙanƙame faifan ina hawaye, har Inna ta ce, "Sanda, bar ma jikata su zuwa Asabar. In ta gyara, nata na. In ta kasa, ɗauki abinka."

Da farko na yi ɓarna. Na ɗauki kwabo ɗaya na dirje shi da toka da yashi, yadda muke wanke tasa. Ya yi ƙyalli kam, amma rubutunsa ya shafe, shekarar da ke jiki ta ɓace. Yinin ranar ko tuwo ban iya ci ba. Daga nan ban sake kusantar da toka ba. Ruwan ɗumi kawai da ɗan sabulu, na goge da tsumma mai laushi, na shanya a inuwa ina gadi kada kaji su watsar. Na lura jajaye ne suke shafa wa farare kore, sai na raba su. Na kuma raba na kowace ƙasa, sannan na jera su bisa shekarar da aka buga, ina riƙe kowanne ta gefensa don kada zufar hannuna ta taɓa fuskarsa. Na bi masu tebur ina roƙon kwalin ashana, na yage tsakiyar littafin lissafina, na naɗe kowanne shi kaɗai, na rubuta sunansa da fensir a bayan kwali. Duka na shirya su cikin gwangwanin biskit, na sa gawayi a kusurwa don ya sha danshi, kamar yadda Inna ta nuna mini, muka ɗora can saman kantar ɗaki nesa da ƙasa.

Ranar Asabar Bappa ya zo da kafinta. Na buɗe gwangwanin, har wanda na lalata na nuna masa, don ban iya ɓoyewa ba. Ya daɗe yana karanta kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Ke Luba, wanga aiki ko banki sai haka!" Ya juya ga kafinta: "Malam, mu tahi Gidan Igwai mu nemo tsohuwar taya, a yanka a sa ma ƙusa." Inna ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Yau jikokina ba su taɓa sayen ko alewa da kuɗin ƙarfe ba, a waya suke ganin kuɗi. Idan na sauko musu da kwabban, dariya suke yi, suna leƙena ta hudar anini. Karatuna bai wuce firamare ba, amma babu guda ɗaya da ya sake yin kore a hannuna. Abin da ke damuna yanzu shi ne wanda zan bar wa, don har yau ban ga mai fargaba irin tawa a cikinsu ba.