Ingilishin Tsokana na Yaya Yakuba

Shekara bakwai ke nan da aka fita da gawar yayana, Alhaji Yakuba mai kamyo, wato manyan motocin ɗaukar kaya, daga gidanmu na Gaya ta ƙasar Dendi. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Na gaji, ƙafafuna sun gaji, garin da zan ba shi labarinsa ma ya gaji. Bana dai na daure na zauna, saboda wata waya da aka yi mini makon jiya, wadda zan zo kanta a ƙarshe.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ya fara ne da aparanti, wato yaron mota, yana kwana a ƙarƙashin motar wani. Daga nan ya zama direba, har Allah ya hore masa nasa motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano su kai Yamai. Bai taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, ni ce aka sa, har na yi ritaya ina koyar da yara. Amma bakinsa ya fi nawa yawo: Hausa, Dendi, Zabarmanci, ɗan Fulatanci na cinikin nono, da irin Faransancin da ake yi da ma'aikatan duwan, wato kwastan. Duk harsunan nan abu ɗaya ya fi yi da su, wato tsokana. Idan la'asar ta yi sanyi sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, jikoki su kewaye shi. Wannan ya ce masa mai kan tulu, wancan ɓarawon rake, waccan kuwa ya ce hancinta ko kyauta ba ya so. Su kuma su taso masa: "Tsoho, yaushe za ka mutu mu sha gumba?" Sai ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ban taɓa ganin abin da ke ƙosar da shi kamar wannan ba, ko tuwon shinkafa da kifi.

Jika ɗaya ce ba ta cikin wannan tabarma. Babban ɗansa Sule ya tafi Legas fatauci, ya zauna, ya auri 'yar can, suka haifi Safiya. Unguwar da suke babu Hausawa, Sule kuma kullum yana kasuwa, sai yarinya ta tashi ba ta jin komai sai Ingilishi da ɗan harshen uwarta. Idan aka yi waya Sule ne tafinta. Wata rana ina zaune Yaya ya ce, "Ce mata kanta ya yi kama da tulu." Sule ya faɗi wani abu can, muka ji 'yar murya ta amsa a ladabce. Yaya ya dube ni, don ya san na ɗan taɓa Ingilishi a kolej. Na ce masa abin da Sule ya faɗa shi ne, kakanki yana gaishe ki, ya ce ki dage da karatu.

Ranar na ga ɓacin ran Yaya. Ya ce, "Ashe ɗan banzan ga wa'azi yaka yi da bakina? To na sallame shi. Ni da kaina zan yi." Lokacin ya haura sittin.

Ni ya fara ɗauka malama. Na zaro tsohon littafina, na fara masa da wannan tebur ne, wancan ƙofa ce. Bai yi mako ba ya kore ni. Ya ce, "Ke Hajo, ni ba da tebur zan yi hira ba. Jikata nika son in zaga ta rama." Na ji haushi a lokacin, amma na san abin da yake nema babu shi a littafina.

Sai ya koma wurin mai shayin da ke bakin filin duwan, inda direbobin Najeriya da suka shigo ta Kamba ke zaman jiran takardu. Ya kafa musu doka: shayi da burodi a kansa, amma kowa ya sha sai ya bar masa magana ɗaya, kuma ba ta littafi ba, irin wadda suke jifan juna da ita a hanya. Ba ya rubutawa. Yana riƙe su ne a ka, kamar yadda ya riƙe ramukan hanyar Dosso. Da yamma ya dawo gida ya juye mana, ni da matarsa Hajiya Mariyama, wadda takan ce tsufa ya zo wa mijinta ta baki.

Abin da ya gano da kansa ya fi abin da na koya a aji. Ya ce mini kalmar aikatau ta mutanen nan kan mota ce, ƙananan kalmomin da ake rataya mata kuma rimok ne, wato tirelar da yake ja. Kan motar bai canza ba, amma kana sauya rimok kaya sun sauya. Kalmar da ke nufin bayarwa, ka rataya mata wannan guntun ta koma mayarwa, ka rataya mata wancan ta koma saduda. Ya kuma lura kalmominsu ba sa fita su kaɗai, kowace da abokiyar tafiyarta, idan ka haɗa ta da wata sai a gane kai baƙo ne. Ruwan sama a wurinsu nauyi yake yi. Hankali kuwa biyansa ake yi. Wanda ya fi ba shi dariya shi ne mura. Ya ce, "Mu mura ka kama mu, su kuwa su ka kama mura. Mutanen ga akwai ƙarfin hali." Da wani direba ya gaya masa idan ruwa ya tsuge sukan ce karnuka da kyanwoyi ne ke zubowa, sai ya hana shi burodi, wai ba a yi masa ƙarya da shayinsa.

Abin da ya fi wahalar da shi shi ne maganar samari. Wadda ya sha wuya ya riƙe bana, baɗi sai ƙananan direbobi su yi masa dariya su ce ai wannan ta tsufa. Yakan dawo yana mita, ya ce wannan harshe ɗanyen kifin kasuwar Tunuga ne, ba ya kwana. Duk da haka gobe da safe za ka gan shi a kan bencin mai shayi.

Da Safiya ta shekara tara Sule ya kawo su babbar Sallah. Yaya ya yi makonni yana shiri, yana maimaita maganganunsa a banɗaki, a mota, har a hanyar masallaci. Ranar da suka iso ya sha babbar riga, ya zauna a tabarmarsa, sauran jikoki sun yi cirko-cirko. Yarinya ta zo ta durƙusa har ƙasa kamar yadda dangin uwarta ke yi. Yaya ya ƙare mata kallo, ya gyara murya, ya saki Ingilishinsa na direbobi da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce wannan ce aka dame shi da ita? Ga ƙaton kai, ga ƙafa kamar ta sauro. Ya ce ya san abin da ya kawo ta, ta zo ne ta cinye masa shinkafa, ɓarauniya, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Jikokin gida suka bushe da dariya, don ko ba su ji kalmomin ba sun san wannan fuskar. Shi kuma ya karkata kunne yana jiran ramuwa.

Safiya ta miƙe a hankali. Idonta ya cika, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta, uwar kuma fuskarta ta canza.

Mutane sun daɗe suna cewa Ingilishin ne ya kwafsa masa. Ina so in gyara wannan yau. Ingilishinsa bai yi kuskure ko ɗaya ba, yarinyar ta ji kowace kalma sarai, abin da ya sa ta kuka ke nan. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa a wurinmu zagin kaka so ne, kuma ana ramawa. Sule bai gaya mata ba, mu ma bai zo mana a rai cewa abu ne da ake faɗa ba, don mu ba a gaya mana aka yi ba, a ciki muka buɗe ido. Yaya ya yi shekaru yana tara kalmomi, bai san akwai abin da ya kamata ya riga su isa Legas ba.

Sule ya yi ta bayani daga baya. Uwar ta fahimta har ta yi murmushi, yarinyar ma ta gyaɗa kai, amma tsoro ya riga ya zauna. Kwanakin da suka yi duka, da safe ta zo ta durƙusa ta gaishe shi ido a ƙasa, ta tashi da sauri. Ya sayo rake ya fere mata da hannunsa, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ranar da za su koma ma godiyar ta yi. Bayan motarsu ta tashi ya daɗe tsaye a ƙofar gida, sannan ya ce mini, "Hajo, ɗiyar ga ta girmama ni kamar babban duwan. Da ma sau guda ta ce mini tsoho mummuna." Na ji tausayinsa har na kasa tsokanarsa.

Bai daina zuwa wurin mai shayi ba, sai dai yanzu maganganu masu taushi yake tambaya, direbobin kuwa ba su da su da yawa. Idan aka yi waya ya gaishe ta a ladabce, ta amsa a ladabce, kamar wasu baƙi biyu a ɗakin jiran likita. Yana cewa idan ta ƙara wayo zai sake gwadawa. Shekara biyu bayan zuwan nan hawan jini ya kayar da shi. Ranar sadakarsa jikoki sun sa rigarsa da hularsa, suna kwaikwayon tafiyarsa, suna ihun a ba su gumbarsu, muna kuka muna dariya. Safiya tana makaranta a Legas, ba ta zo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo Gaya ta yau. Gadar kogi da motocin Kwatano ke bi tana rufe, kaya sai ta kwale-kwale, motocin da suka ci da mu suna tsaye har tayoyinsu sun fara shiga ƙasa. Mai shayinsa ya kwashe bencinsa ya koma bakin kogi. 'Ya'yan direbobi suna zaune a inuwa, kowa da waya a hannu, suna kwasar Ingilishi daga bidiyo ba tare da sun saya wa kowa shayi ba. Akwai ma wayar da za ka yi mata Hausa ta juya maka nan take. Na san Yaya, da zagi zai fara gwada ta. Ni na gwada masa. Na ce mai ƙaton kai, ta juya shi daidai, da wata murya mai sanyi wadda babu dariya a cikinta ko kaɗan. Na kashe na ajiye, na ce da ita da Sule duk tafinta ɗaya ne.

To, makon jiya ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara, lambar Najeriya. Na ɗauka, sai na ji muryar budurwa tana jan Hausa da ƙyar, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu.

"Tsohuwa. Har yanzu ba ki mutu ba? Ina jiran gumba."

Na ajiye tiren shinkafar. Sannan bakina ya buɗe da kansa na ce, "Safiya mai ƙaton kai, ke ce?" Ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Da ta natsu ta koma Ingilishi, tana yi a hankali don in gane. Ta shiga jami'a, ɗakinsu ɗaya da wata 'yar Kebbi, kullum tana jin yarinyar da kakarta suna zagin juna a waya suna shewa. A nan ta gane abin da tsohon nan mai babbar riga yake jira ranar da ya karkata kunne. Ta ce ta yi watanni tana koyon wannan jimla, kuma ba ni ta so ta gaya wa ba.

Motocin Yaya an sayar, Ingilishinsa an binne shi da shi, ba wanda ya gada. Abin da ya rage shi ne ramuwar da ya jira bai samu ba, ta yi shekara tara a hanya, ta iso ta tarar da ƙanwarsa. Na karɓa a madadinsa. Na ce mata idan an yi hutu ta biyo ta Kamba ta zo, gumbar kakanta tana nan ba ta sha ba, ni zan daka mata da hannuna.