Tabarmar da Ba Mu Ɗaga Ba

A cocinmu na Angalikan da ke unguwar Erdington a Birmingham, matan zumunta muna da al'ada: kafin a tashi daga taro, uwar zumunta takan miƙe ta jero masu bukatar addu'a, mu kuma mu durƙusa. Abu ne mai kyau idan ya faɗa hannun mai tsoron Allah. Mu sai ya faɗa hannun matar da labari bai taɓa kwana a cikinta ba. Gulmar da wasu ke yi a kicin, ita a gaban bagade take yin ta, ido rufe, hannu sama, kuma dole ki ce amin.

A shekarar da nake ba da labari, 'yata tana jami'a a Manchester. Ciwon damuwa ya kama ta, ta daina ci, ta daina fita, har likita ya ce a kwantar da ita. A bakin gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, please, kada kowa ya ji a coci." Na yi mata alkawari, na kuma cika. Ko ƙanwata da ke gida ban gaya wa ba. Abin da ban sani ba shi ne, yarinyar da suke zaune gida ɗaya da ita a unguwar Whalley Range 'yar ƙanin uwar zumunta ce, kuma ta riga ta kai rahoto.

Aka yi babban taron mata, na Birmingham da na Manchester a haɗe, kowa cikin ankonta, ana ɗauka a waya don waɗanda ba su samu zuwa ba. Uwar zumunta ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kira sunan 'yata cikakke. Ta ce iskoki sun taɓa yarinyar, tana asibitin masu taɓin hankali. Sannan ta ƙara da abin da har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta tafasa: wai uwarta ce ta zo da hawaye ta roƙe mu mu sa ta a addu'a. Ina durƙushe ina ji. Kafin in kai gida, hoton taron ya riga ni isa wayar 'yata.

Daga ranar ta rufe mini ƙofa. Ta fito daga asibiti ba ta gaya mini ba. In na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Manchester da kular tuwo da miyar kuka, na tsaya a ƙofar gidansu ina danna ƙararrawa, na dawo da abincina yadda na tafi da shi. Na rantse mata a saƙo cewa ban faɗa ba. Amma wa za ta yarda da shi, ni ko matar da ta faɗa a gaban Allah da jama'a?

Mutum ɗaya ce ba ta ce amin ba a wancan taro. Wata tsohuwa ce daga wani tsibiri a tekun Pasifik, wadda duk muke kira Kaka. Doguwa ce mai jiki, ba ta rabuwa da farar riga ran Lahadi da fure a bayan kunne, ko da na roba ne. Ita ke raba abinci ga marasa galihu a zauren coci, ita ke zaga asibitoci. Takan ba mu labarin matan cocinsu a can gida, yadda suke shiga kwalekwale su bi tsibiri tsibiri wajen matan da mazansu ke duka, da yadda suke taruwa da asuba su yi addu'a a bakin teku, saboda ruwa ya fara cin kaburburan iyayensu. Amma a duk addu'ar Kaka ban taɓa jin ta kira sunan mai ciwo ba. Sai dai ta ce, "Ubangiji, ka san ta." Da Turanci muke magana da ita, don Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

Ita ta taɓa ba mu labarin tabarma. A garinsu, in ka yi wa wani babban laifi, ba baki kawai za ka buɗe ka ce a yafe ba. Za ka je ƙofar gidansa da sassafe, ka zauna a ƙasa, a lulluɓe ka da tabarma mai laushi da aka gada, ka yi shiru. Wani babba ya faɗi laifinka a madadinka. Wanda aka ɓata wa shi kaɗai ke da ikon ɗaga tabarmar. Kaka tana da irinta a akwati, ta kakarta.

Ni kuwa ba gafara nake nema wa kowa ba. Na yi addu'o'in da ba zan iya maimaitawa a gaban yara ba. Na buɗe Zabura ina tsince wuraren da aka roƙi Allah ya karya haƙoran mugaye, ina karantawa da fuskar uwar zumunta a idona. Da na fara tare ta da maganar, borin kunya ta yi mini, wai addu'a ta zama laifi? Sai da ta ga mata sun daina kawo mata damuwarsu, ga zaɓen uwar zumunta ya matso, sannan ta neme ni bayan sujada.

"'Yar'uwa, in na ɓata miki, ki yafe."

"Ba ni kika ɓata wa ba, Mama. Ni ƙarya kawai kika yi mini. Wadda kika tsiraita tana Manchester."

"To yaya kike so a yi?"

Na san abin da take so a duniya: a gan ta. Sai na sassauta murya na ce ai da za ta yi irin na mutanen Kaka, da an daɗe ana labarin tawali'unta. Na ga idonta ya kawo haske. Tun a tsaye ta fara lissafin waɗanda za su raka ta.

Kaka ba ta ɓoye mata komai ba, kuma wannan ne ya fi yi mini daɗi, don kada gobe a ce yaudara ce. Ta ce mata, "Ki sani, ana iya barin ki har rana ta faɗi. Ana iya ƙin ɗagawa." Uwar zumunta ta yi dariya ta ce, "Haba, Kaka. Sa'ar 'yar cikina? A wurinmu babba ba ya gama durƙusawa yaro ya ce ya yafe." Gaskiyarta, haka yake a gida. Babba ya ce a yafe, kai kuma ka ce ba komai ko da hanjinka na ƙuna. Ta manta yarinyar a Birmingham aka haife ta. Ni ban tuna mata ba.

Muka tafi ran wata Asabar da safe. Gidan irin manyan gidajen nan ne na da da aka yanka ɗaki ɗaki, da 'yar farfajiya da kwandunan shara a jere. Ana yayyafi. Uwar zumunta ta sha leshi da sarƙa kamar mai zuwa biki, mata biyu na bayanta da wayoyi a ɗage. Kaka ta dube su sau ɗaya, suka mayar da wayoyin jaka. Ta nuna wa uwar zumunta daɓen siminti. Matar ta waiga ko za a kawo kujera. Ba a kawo ba. Ta zauna da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, Kaka ta warware tabarmar ta rufe ta ruf.

Ban taɓa ganin abin da ya sanyaya mini rai irin wannan tulin tabarma kusa da kwandon shara ba. Ina faɗa ba kunya. Maƙwabta na wucewa suna kallo, wani kare ya zo ya shinshina, ruwa na ɗiga ta gefen tabarmar yana jiƙa leshin. Can na ji murya daga ƙarƙashin tabarmar tana cewa, "Ta fito?" Kaka ta ce a yi shiru.

Kaka ce ta danna ƙararrawa, kuma don ita aka buɗe. Ashe tun bayan taron nan tana zuwa wajen yarinyar a asibiti, ta zauna gefenta tana saƙa ba ta ce komai ba, ni ma ba ta taɓa gaya mini ba. 'Yata ta fito da rigar sanyi, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ba ta dube ni ba.

Kaka ta tsaya a miƙe ta yi magana a hankali. "Jikata, matar da ke ƙarƙashin tabarmar nan ta tona ciwonki a gaban jama'a. Ta kuma ce uwarki ce ta aike ta. Ƙarya ta yi. A bakin 'yar ƙaninta ta ji. Ta amince in faɗi haka. Tabarmar a hannunki take, ki ɗaga ko ki bari."

Yarinyar ta daɗe tana kallon tabarmar. Tabarmar ta ɗan motsa, na san mai ita tana gyara fuska don fitowa, wataƙila har ta tanadi hawaye. Ɗaya daga cikin 'yan rakiyar ta ce, "Ɗiyata, ki ɗaga mana, uwa ce fa."

'Yata ta juyo ta dube ni, karo na farko tun asibiti. Ta dubi kular da ke hannuna, don ko ranar ban zo hannu rabbana ba.

"Mama, miyar kuka ce?"

Na gyaɗa kai.

"Shigo, kin jiƙe. Kaka, come in."

Kaka ta ce ita za ta tsaya da tabarmar kakarta. Na zagaya tulin a hankali don kada in taka gefensa, na haye matakala. 'Yata ta karɓi kular daga hannuna, ta tura ƙofar da ƙafa har ta kulle.

Mun ci tuwon nan tas, a kwano ɗaya, ta jingina da kafaɗata. Tagar ɗakin tana kallon farfajiya, labulen kuma a sake yake. Babu wadda ta tashi ta leƙa a cikinmu.