Rabin Dalar Maya

Duk baƙon da ya shigo falonmu a Bur Dubai sai ya tsaya gaban hoton nan, kuma kowa kuskure biyu yake yi. Na farko, su ce dalar Masar ce. Ba ita ba ce, ta mutanen Maya ce, can cikin kurmin Meksiko. Na biyu, su ce gwiwa ce ta hana Baba kaiwa sama, shi ya sa aka ɗauke shi hoton a tsakiyar matakala. Gwiwarsa lafiya lau take a lokacin. Ni na sauko da shi.

Hutun ƙarshen shekarar 2006 ne, ina 'yar shekara goma. Kamfanin jiragen ruwan da Baba yake wa aiki a Jebel Ali ya ba shi tikiti biyu na jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa. Mama na da tsohon ciki, sai tafiyar ta faɗo kaina. Kafin nan ruwan da na sani bai wuce na abra ba, kwalekwalen da muke hayewa zuwa Sabkha ranar Juma'a, ina rungume da ledar kayan miya, Mama na riƙe da bayan rigata. Sai ga ni a jirgi mai hawa-hawa, da wurin ninƙaya a samansa, da askirim ɗin da ba mai ce maka ya isa.

Ranar da jirgin ya tsaya a gaɓar Meksiko, aka kwashe mu a bas zuwa kangon wani tsohon birnin Maya, inda dalar take. Zafi, sauro, ga jagora da tutarsa yana ta zuba bayani. Baba ko sauraronsa bai yi ba. Ɗan magini ne, kakana da tubali ya rayu a Katsina, don haka duk dutsen da ya gani sai ya shimfiɗa hannu ya auna da ɗani, ya sa farce a mahaɗar ya ji yadda aka ɗinke ta. Turawa na hawa da gudu, shi yana hawa yana awo. "Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa nake da shi, "magini a sama yake barin sirrinsa. Bari mu kai."

Ni kuwa askirim nake tunani. Muna rabi na ja hannun rigarsa, na ce, "Baba, yalla, mu tafi, mai tuta ya ce bas zai tashi, jirgi ba ya jira." Ƙarya nake, mai tuta bai faɗi haka ba. Baba ya ɗaga kai ya dubi saman, ya dube ni, ya miƙa wa wata mata kyamara ta ɗauke shi, muka sauko. Kusan awa guda muka yi zaune a bas ɗin da babu kowa sai direba yana gyangyaɗi. Baba kuwa sai ma ya ɓare mini lemo.

Da muka dawo, abokansa 'yan Nijar na Sabkha suka zo shan shayi. Alhaji Mamman ya ɗaga hoton ya ce, "Kai, Fir'auna ya fi ƙarfinka ke nan, tsufa ya zo." Baba ya yi dariya ya shafa gwiwa. Daga ranar labarin ya zauna haka, har Mama ta yarda.

Yanzu gwiwar ta kama shi da gaske, abra ma sai an riƙe shi yake shiga, kuma na ji an hana hawa irin waɗannan dalolin. Ni da ko layin lifta ba na iya jira, sai in same ni tsaye gaban hoton ina ƙirga matakan da suka rage masa. Na san ya sani, awa guda a bas ba ta ɓuya. Amma bai taɓa ji daga bakina ba. Juma'ar nan, idan 'yan shayi sun hallara, zan sauke hoton daga bango in faɗa musu wanda ya gaji a ranar.